Kasuwar da Ba Ta da Rumfa: Abin da Polly Hill Ta Tarar a Batagarawa

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta haura hamsin da haihuwa, ta sauka Batagarawa, kimanin mil shida kudu da birnin Katsina, ta yi watanni tana bin gonaki da gidaje. Gidansu gidan lissafi ne: mahaifinta A. V. Hill ya ci lambar Nobel, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda duk ɗalibin tattalin arziki ya san sunansa. Ita ma ilimin tattalin arziki ta karanta a Kambirij. Amma tun a Gana, inda ta rubuta littafinta na 1963 kan manoman koko, ta riga ta ɗebe tsammani da alƙaluman da ake tarawa daga ofis. Ta nuna cewa waɗanda ake ɗauka ƙananan manoma ne, a gaskiya 'yan kasuwa ne masu haɗa kuɗi su sayi daji, su noma, su zuba ribar a wani sabon daji.

Abu na farko da duk mai ƙidaya zai rubuta game da Batagarawa ta wancan lokaci shi ne cewa garin ba shi da kasuwa. Gaskiya ne, babu rumfuna, babu ranar ci. Da takardar tambayoyi aka aiko, da nan maganar ta tsaya, a sa garin cikin jerin waɗanda ba a ciniki. Hill ta zauna har ta lura da abin da kowane yaro a garin ya sani: gero da dawa suna fita daga rumbu su shiga wani gida kullum, ta hannun matan kulle, yara ne 'yan aike. Maigida ya bai wa uwargida hatsi ta auna masa, ta sayar da kwano, ga kuma sana'arta ta ƙashin kanta, fura ko ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne farashin yakan zo kusan ɗaya daga gida zuwa gida, duk da masu sayarwar ba sa haɗuwa a fili. Ta kamanta tsarin da saƙar zuma, ta kuma buga maƙala a 1969 kan wannan ɓoyayyen ciniki, kafin babban littafinta, Rural Hausa, ya fito a 1972.

Kada mai karatu ya ɗauka matar ta yi watsi da lissafi. Ta ƙirga gidajen noma 171, ta yi amfani da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ta zana taswirar gonaki, ta bi farashin hatsi daga kaka zuwa damina. Bambancinta da sauran masana shi ne sai da ta fahimci abin da za ta ƙirga kafin ta fara ƙirgawa. Mene ne "gida" a inda uba da 'ya'yansa masu aure ke noma gandu ɗaya, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa? Gonar da aka bayar jingina, ta wa za a rubuta? Wanda ya karɓi falle da damina, zai biya da dami a kaka, ciniki ya yi ko bashi ya ci? Ba a cike gurbin waɗannan a takarda sai an san su, ba a kuma sanin su sai an zauna.

Inda dabararta ta fi fitowa shi ne wajen auna arziki. Bahaushe ba ya faɗin damin da ke rumbunsa, musamman a zamanin da duk wanda ya zo da biro yana tambaya ake ɗaukarsa ɗan saƙon haraji ko jangali. Don haka ba ta tambayi kowa abin da yake samu ba. Ta nemi waɗanda suka san garin ciki da bai, ta sa su raba magidanta kashi huɗu bisa tambaya guda: idan damina ta makara, abinci ya yi wuya, wa ke taimakon wasu, wa ke riƙe kansa kawai, wa ke ɗan jigata, wa kuma ke shiga uku? Sannan ta ɗauki wannan hukunci na mutanen gari ta gwada shi da girman gonakin da ta auna, sai ga shi sun dace. Na sama suna da gona ninki da yawa ta na ƙasa, su ne masu taki, su ne masu iya ajiye hatsi har ya yi tsada. Na ƙasa kuwa sukan sayar da nasu da arha a kaka don biyan bashi, su dawo su saya da tsada da damina, su bar gonarsu su tafi ƙwadago a ta wani daidai lokacin noman fari. Wannan ya rusa zancen da ya daɗe a littattafan Turawa cewa mutanen ƙauye duk talaucinsu ɗaya ne, tunda ƙasa ta wadata.

A daidai wannan lokaci, a Samaru, David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona yana bin wata hanyar. Ma'aikatansa suna zagaya manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau shekara guda cur, suna rubuta awannin aiki da abin da aka girbe. Malaman gona sun daɗe suna zargin manomi da jahilci saboda yana cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Alƙaluman Norman suka nuna cakuɗawar ta fi riba ga manomin da hannun aiki ke yi wa ƙaranci a tsakiyar damina, ta kuma fi tsare shi daga asara. Manoman sun san haka tun kaka da kakanni. Lissafin ne ya sa hukuma ta saurara, kuma wannan shi ne amfanin lissafi da hira ba za ta taɓa bayarwa ba.

Akwai inda za a kama Hill. Gari ɗaya ba ƙasar Hausa ba ne, Batagarawa kuma mazaunin hakimi ce da ke maƙwabtaka da birni. Paul Clough, wanda ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi daga 1977 zuwa 1979, lokacin da shirin noma na Funtuwa mai tallafin Bankin Duniya ke raba taki, ya tarar da fatauci da jari da suka fi na Batagarawa girma nesa ba kusa ba. Ya kuma ga abin da takardar lissafin riba ba ta da gurbinsa: attajirin ƙauye yana zuba dukiyarsa a aure, da aurar da 'ya'ya, da riƙe yaran gida da yake bai wa jari, domin a nan amanar da kasuwancinsa ke tafiya a kanta take. Littafin bai fito ba sai 2014, bayan ya sake komawa garin. Wane kamfani ne zai jira shekara talatin da biyar? Babu. Wannan ita ce tsadar irin wannan bincike, kuma ba a ɓoye ta.

Sai dai tsakanin shekara talatin da biyar da yini guda akwai fili mai faɗi. Yau masu sayar da taki da iri, da bankunan ƙananan rance, da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, duk suna son sanin mutanen Kankiya da Kusada. Yadda aka saba, a turo samari da tambayoyi a cikin waya, su tsaya bakin titin Katsina zuwa Kano, ko su je Caranci ranar Lahadi, su cike ɗari biyu su koma. Robert Chambers ya yi wa irin wannan suna tun 1983, ya kira shi yawon buɗe ido da sunan raya karkara: ana zuwa da rani, ana bin kwalta, ana magana da maza masu baki. Ƙauye irin Fakuwa ba ya shiga lissafin, in ma ya shiga, maigida ne zai amsa a zaure. Za a tambaye shi ko yana da asusun banki, ya ce a'a, a rubuta gidan ba ya ajiya, alhali a cikin gida uwargida na zubin adashe, tana da awaki, tana bin maƙwabta kuɗin biki da ta san ranar dawowarsa. Za a tambaye shi ko ya taɓa cin bashi, ya ce Allah ya kiyaye, domin ba ya kiran abin da ya karɓa wurin mai shago da wannan suna a gaban baƙo.

Kamfanin da ya gina tsarin rance a kan waɗannan amsoshi zai sa ranar biya a ƙarshen kowane wata, kamar yana mu'amala da ma'aikacin sakatariya, ya kuma aika yaransa karɓar kuɗi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya kusa ƙasa, gero bai nuna ba. Hill ta rasu a 2005. Littafinta na 1986, Development Economics on Trial, galibinsa ƙara ce a kan masanan da ke gina manufofi bisa alƙaluman da ba su taɓa tambayar yadda aka tara su ba, kuma Batagarawa na cikin shaidun da ta gabatar.