Tarihin Sulken Mai Cafe Ƙwallo da Uban da Ke Zaune Kan Bokiti

 Yau wani ɗan tarihi na kawo muku a kan wani wasan Amurkawa wanda yawancinmu a fim kawai muka taɓa ganinsa. Ku yi haƙuri ku biyo ni, akwai abin ji a ciki.

Wasan iri biyu ne, akwai besbol wanda maza suka fi yi, akwai kuma ƙaninsa sofbol wanda a yau 'yan mata suka fi shahara a kai. A duka biyun mutum uku ne a tsakiyar al'amari: mai jifa, sai mai bugu da ke tsaye riƙe da kulki, sai kuma wani bawan Allah da ke tsugune a bayan mai bugun, aikinsa ya cafe duk ƙwallon da kulki bai samu ba. To wannan na ukun shi ne maganarmu. In kun lura a fim za ku gan shi rufe ruf, raga ta ƙarfe a fuska, sulke a ƙirji, makari a ƙwauri, kamar mai shirin fita yaƙi. Ba haka ya fara ba. Kowane yanki na kayan nan sai da wani ya zubar da jini kafin a ƙirƙiro shi, kuma da aka ƙirƙiro sai da aka yi wa wanda ya fara sawa dariya.

A farkon besbol mai cafewa da hannu tsirara yake aiki. Dabararsa ita ce ya tsaya can nesa da mai bugu, ya bari ƙwallo ta daki ƙasa ta yi tsalle ƙarfinta ya ragu, sannan ya kama. Duk da haka yatsunsu a karkace suke ƙarewa. A 1870 wani mai suna Doug Allison na ƙungiyar Cincinnati ya sa safar hannu ta fata saboda hannunsa ya tsage, wasu kuma suna cusa roba a baki don haƙora. Iyakar kariyar ke nan. Sai dokoki suka dinga turo mai cafewa gaba. A 1880 aka ce jifa ta ƙarshe da ke fitar da mai bugu dole a cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, a 1884 kuma aka halatta wa mai jifa ya ɗago hannu sama da kafaɗa, wato gudun ƙwallo ya ƙaru ke nan. Mutum ya matso dab da kulki, ƙwallo ta ƙara gudu, kuma in kulki ya ɗan goge ta sai ta canza hanya ta nufo fuska, babu idon da ke iya bin ta.

Ragar fuska a jami'ar Harvard aka haife ta. Kyaftin ɗinsu Fred Thayer yana son wani ɗalibi, James Tyng, ya tsuguna a baya, shi kuwa Tyng yana jin tsoron fuskarsa, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Sai Thayer ya ɗauko samfurin ragar da masu wasan takobi ke sawa, ya kai wa wani maƙeri ya ƙara mata ƙarfi da matashi a goshi da haɓa. Tyng ya fara fita da ita a watan Afrilu na 1877, Thayer ya yi wa abin rajista da sunansa a 1878. Me jama'a suka ce? 'Yan kallo da 'yan jarida suka yi ca, wasu suna kamanta ta da tarkon ɓera, wasu da takunkumin kare, ana cewa namiji ba ya ɓoye fuska. Amma jiki magayi, kafin 'yan shekaru kowa ya sa. Har kamfanin Spalding ya shiga ƙerawa yana sayarwa, Thayer ya kai ƙara kotu ta ba shi gaskiya. Ɗan kasuwa dai ko'ina ɗan kasuwa ne, abin da aka gama yi wa dariya shi ya zama haja.

Sulken ƙirji ya biyo baya a shekarun 1880, kuma ana ba da labarin cewa na Charlie Bennett ɗan wasan Detroit matarsa ce ta taimaka aka ɗinka. Wasu a ƙarƙashin riga suke ɓoye nasu don kada a gani.

Na ƙwauri ya fi daɗewa bai fito fili ba, kuma labarinsa akwai ɗaci. An ruwaito cewa tun a shekarun 1880 baƙaƙen fata irin su Bud Fowler da Frank Grant suna ɗaura katako a ƙafa, su ba masu cafewa ba ne ma, fararen 'yan wasa ne ke auno ƙwaurinsu da ƙusoshin takalmi da gangan. Sai a 1907 Roger Bresnahan na ƙungiyar Giants ta New York ya fito ranar buɗe kaka sanye da manyan makarai a kan wando, irin na 'yan wasan kurket na Ingila. Aka yi masa ihu a filaye, kocin Pittsburgh, Fred Clarke, har ƙorafi ya shigar wai a hana. Ba a hana ba. Shekara 30 cif tsakanin rufe fuska da rufe ƙwauri a bainar jama'a, alhali 'yan kurket sun daɗe suna sa nasu. Ni a ganina ba rashin dabara ya jawo jinkirin ba, kunya ce da gudun a ce wane matsoraci ne. Har laƙabi suka yi wa kayan gaba ɗaya, wai kayan aikin jahilci, kuma ana danganta maganar ga Muddy Ruel, wanda mai cafewa ne kuma lauya, yana zolayar kansa.

Makarin maƙogwaro ya zo a 1976. Steve Yeager na ƙungiyar Dodgers yana gefe yana jiran layinsa na bugu, sai kulkin abokinsa ya karye, guntun ya soke shi a wuya har ya huda hanyar abinci, likitoci suka ciro tsinke 9. Mai kula da lafiyar ƙungiyar, Bill Buhler, shi ya ƙirƙiro ɗan faifan nan da ke reto a ƙarƙashin raga. A 1996 kuma Charlie O'Brien na Toronto ya kwaikwayi hular kwanon golan hoki na kan ƙanƙara, wadda ta haɗe kai da fuska wuri guda, kuma irinta yara suka fi sawa yanzu.

To mu dawo kan sofbol. A Turance ma'anar sunan ita ce ƙwallo mai laushi, kuma sunan nan ya cuci mutane da yawa. Asalinsa da gaskiyarsa: a watan Nuwamba na 1887, a wani kulob na masu kwale-kwale a Chicago, samari suna jiran sakamakon wasa tsakanin Harvard da Yale, wani ya jefi wani da safar dambe, wancan ya make ta da sanda, sai George Hancock ya ɗaure safar ta zama ƙwallo aka kama wasa a cikin ɗaki. Wannan kam da laushinta. Sunan sofbol Walter Hakanson ne ya kawo shi a 1926. Amma ƙwallon da 'yan mata ke jifa a yau cikinta dunƙulen roba ne mai tauri an rufe da fata, kewayenta inci 12, nauyinta ya kusa giram 200, ta fi ta besbol girma da nauyi. Jifar kuma ta ƙasa ake yi, yarinya ta juya hannu zagaye guda kamar farfela ta saki ƙwallon daga wajen ƙugu. Kada ku raina wannan. A 2012 Monica Abbott ta yi jifa mai gudun mil 77 a awa, a 2025 Karlyn Pickens ta jami'ar Tennessee ta kai mil 79.4, wato kusan kilomita 128 a awa, daga tazarar ƙafa 43 kacal.

Abin da ya cika gidajen Amurka da ƙananan masu jifa wata doka ce ta 1972 da suke kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. A 1974 ƙungiyar yara ta Little League ta buɗe sashen sofbol, a 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Daga nan yarinyar da ta iya jifa tana iya samun karatun jami'a kyauta ko da rangwame, a ƙasar da kuɗin jami'a ke karya magidanci. Jifa kuwa ba ta koyuwa sai an maimaita ta sau dubbai, kuma dole wani ya zauna ya cafe. Wa zai yi in ba uba ba, ko uwa? Sai ka ga dattijo ya dawo daga aiki, ya kifa bokitin da ake zuba ƙwallaye, ya zauna a bayan gida da gajeren wando da safar hannu ɗaya. Har suna gare su a can, iyayen bokiti.

Nan ne tarihin ya bar giɓi. Dokokin makarantun sakandare da na Little League sun wajabta wa yaro ko yarinyar da za ta tsuguna wa mai jifa, ko da gwaji ne kafin wasa, ta sa ragar fuska da makarin maƙogwaro. Babu dokar da ke bin uba zuwa bayan gidansa. Kuma hujjarsa ita ce dai ta mutanen 1877: ai yarinya ce, ai ƙwallo mai laushi ce, maƙwabta su gan ni da sulke saboda 'yar shekara 11?

Ku yi lissafin da kanku. 'Yan shekara 12 daga tazarar ƙafa 40 suke jifa, kusan mita 12. A ce ƙwallon na gudun kilomita 70 a awa, to cikin abin da bai kai kashi biyu bisa uku na daƙiƙa ba ta iso. Kuma ta wani fannin ƙaramar ta fi gwanar haɗari, domin gwana inda aka nuna mata take sakawa, mai koyo kuwa ita kanta ba ta san inda ƙwallon za ta ba. In ta saki da wuri sai ta daki ƙasa a gabanka ta taso, ko ƙwauri ko haɓa ko tsakanin ƙafafu. In ta fara koyon jifa mai nutsewa ko mai lanƙwasa abin ya ƙaru. Wanda ke kan bokiti ba ya iya gocewa kamar na tsugune, gwiwoyinsa a buɗe, sannan babbar matsalar, idonsa ba a kan ƙwallon yake ba, yana kan ƙafar 'yarsa da hannunta don ya gyara mata kuskure. Haƙori, hanci, ƙashin ido, duk a fili suke.

Ƙirji ma ba abin wasa ba ne. Akwai wani abu da likitoci suka sani, in abu mai tauri ya daki saitin zuciya a wani ɗan taƙi na bugunta, sai ta rikice ta tsaya ko da lafiyarta ƙalau. Yara ya fi kamawa saboda ƙashin ƙirjinsu bai yi ƙwari ba, kuma besbol na kan gaba a wasannin da ake samunsa. Shi ne ya kayar da Damar Hamlin a filin ƙwallon Amurka a Janairun 2023, Allah Ya sa da sauran kwana aka farfaɗo da shi. Daga 2020 aka wajabta wa masu cafewa a besbol na sakandare sulken da aka gwada musamman don wannan. Saboda haka uban da ya gaji ya ce wa ƙanin yarinyar zo ka karɓe ni, ba tare da ya sa masa komai ba, ya fi wanda ya zauna da kansa ganganci.

Akwai kuma ita yarinyar, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Ranar da ta fasa wa babanta baki ta ga jini, da wuya hannunta ya sake sakewa kamar da. Za ta dinga rage ƙarfi, tana lallaɓa ƙwallon don kada ta ji masa, alhali ƙarfin ake so ta koya. Masu koyarwa da yawa shi ya sa suke ce wa iyaye ko dai su sa raga da makarin ƙwauri, ko su kafa koma ta dinga jifa a ciki su tsaya a gefe suna kallo. Wasu ragar da 'yan cikin fili ke sawa suke ara, mara nauyi, wasu kuma makarin ƙwauri na 'yan ƙwallon ƙafa, irin wanda ke jibge a kowace kasuwar gwanjo.

Sofbol ya fita daga Olamfik bayan 2008, ya dawo a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, ba a yi shi a Faris a 2024 ba, kuma an tsara zai dawo a 2028. Mai rabon gani, in an nuno mai jifa ya ɗan duba wadda ke tsugune a bayan kulki ya ƙirga kayan jikinta.