Daga Allura Zuwa Hula: Yadda Ake Rufe Idon Shaho

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani ɗan ƙaramin abu da bai cika tafin hannu ba, wato hular fatar da masu farauta da shaho suke sa wa tsuntsunsu. Duk wanda ya taɓa ganin hoton Balaraben Dubai ko Ƙatar da shaho a hannunsa ya ga wannan hula, mai ɗan tuntu a samanta, ta rufe kan tsuntsun ruf sai baki kawai a waje. Yawancinmu kwalliya muke ɗaukarta. Amma kafin ta yaɗu a duniya, allura da zare ne suke yin aikinta.

Mu a nan mun san shaho ne da ɗauke 'yan tsaki, shi ya sa sai mun fara da dalilin rufe masa ido. Shaho da ido yake rayuwa. Da rana yake farauta, idan duhu ya yi sai ya lafe ya daina motsi. In aka kamo shi daga daji, duk abin da ya gani abin tsoro ne gare shi: mutum, kare, doki, har inuwar riga. Zai yi ta fizga yana dukan iska har gashin fukafukansa ya kakkarye, ya ƙi cin abinci, wani ma tsoron ne ajalinsa. Da zarar an tare masa gani kuwa sai ya ɗauka dare ya yi, ya natsu. Duk dabarun mutanen da a kan wannan sirri aka gina su.

Dabara ta farko ita ce ɗinke ido. Ana soka siririyar allura a fatar idon ƙasa, a zura zare, a ja fatar sama har ta rufe ƙwayar idon, a yi wa ɗaya idon haka, sannan a ɗaure zaren biyu a bisa kai. A cikin wannan duhu tsuntsun zai saba da muryar ubangidansa, da taɓawarsa, da cin nama a hannunsa. Bayan kwanaki sai a sassauta zaren ya riƙa ganin haske kaɗan, daga baya a warware gaba ɗaya. Dabara ta biyu ita ce hana barci. Mutum zai ɗora tsuntsun a hannunsa ya kwana a zaune, dare biyu ko uku, wani lokaci ana karɓar juna, har gajiya ta rinjayi tsoro, tsuntsun ya yi gyangyaɗi a hannun wanda yake gudu. Ta uku ita ce auna masa abinci, don shahon da ya ƙoshi ba ya amsa kira.

A ƙasashen Musulmi wannan sana'a tsohuwa ce. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar halaccin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma malaman fiƙihu sun sa tsuntsaye irin su shaho a ciki. Larabawa suna kiran ilimin da suna baizara, har an rubuta littafi a kansa a Masar zamanin halifan Faɗimiyya al-Aziz, wanda ya yi mulki daga 975 zuwa 996. Usama bin Munƙiz, jarumi kuma marubuci ɗan garin Shaizar a Sham (1095 zuwa 1188), ya ware ƙarshen littafinsa Kitabul I'itibar ga labaran farautar mahaifinsa da tsuntsayensa. Hular kuwa burƙa'u suke ce mata, sunan da suke kiran mayafin fuskar mace da shi.

Wanda ya fi kowa tallata ta a Turai shi ne Faredarik na Biyu (1194 zuwa 1250), sarkin tsibirin Sisili kuma babban sarkin Daular Rum Mai Tsarki. A Palermo ya tashi, birnin da Musulmi suka mulka kafin kakanninsa su ƙwace, kuma yana jin Larabci. A 1228 ya jagoranci yaƙin 'yan gicciye zuwa Gabas, amma maimakon gwabzawa sai ya zauna ciniki da wakilan Sarkin Masar al-Kamil, har suka ƙulla yarjejeniyar Yafa a watan Fabrairun 1229, aka miƙa masa Ƙudus na shekara 10. Ƙudus ta suɓuce wa Kiristoci a 1244. Hular da ya gano a wannan tafiya kuwa har gobe tana kan shahunan Turai.

Mun san haka ne saboda shi da kansa ya rubuta. A littafinsa na Latin kan fasahar farauta da tsuntsaye, ya bayyana cewa hular ta mutanen Gabas ce, a wurin Larabawa ya ga amfaninta, kuma sarakunansu sun aiko masa da gwanayen wannan aiki. Ga sarkin da duk Turai ke jin tsoronsa, da ya ce shi ya ƙirƙiro ta babu mai musa masa, amma ya faɗi inda ya samo. A littafin ma ya saɓa wa Aristotal a wurare da dama, hujjarsa ita ce shi ya yi farauta da tsuntsayen da hannunsa, Aristotal kuwa ji ya yi. Kwafinsa na ƙawa ya ɓace a 1248 lokacin da mutanen Parma suka wawashe sansaninsa. Wanda ɗansa Manfred ya sa aka yi, mai ɗauke da zanen tsuntsaye, yana ɗakin karatun fadar Paparoma.

Fifikon hula a fili yake. Ɗinki sau ɗaya ake yi, in an warware shi ke nan, sai dai a sake soka allura. Hula kuwa ana sawa a cire sau goma a yini. Maharbi zai ratsa kasuwa da tsuntsunsa a natse, sai ya hango abin farauta ya zare ta. Amma kada mu ɗauka allura ta ɓace nan take. Faredarik kansa ya koyar da ɗinkin a matsayin matakin farko, kuma masu kamun shaho a Gabas ta Tsakiya da Indiya sun ci gaba da yi har cikin ƙarni na 20. Sannu a hankali hula ta ture shi.

Daga nan kowace ƙasa ta fitar da nata salon. Ta Larabawa da ta Indiya da ƙyalle ɗaya na fata ake yanka su. Ta Holan guda uku ake haɗawa, a jiƙa, a ɗora a kan gunkin katako mai siffar kan tsuntsun har ta bushe. Garin Valkenswaard ya yi suna a wannan aiki, musamman gidan Mollen, waɗanda suka riƙa kama shahuna masu ƙaura suna sayar wa Turai tare da hulunansu. Kazak masu farauta da gaggafa suna kiran tasu tomaga. Ƙa'idar baduku ɗaya ce a ko'ina: kada fata ta taɓa ƙwayar ido, kada haske ya shiga, kada ta toshe hanci ko ta hana buɗe baki. Saboda haka kowace hula da lambarta, don macen shaho ta fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. A bayan hular akwai siraran igiyoyin fata na ɗaurewa da kwancewa. Da yake hannu ɗaya yana ɗauke da tsuntsun, maharbi da haƙori yake kama igiya ɗaya, ya ja ɗayar da ɗaya hannun.

A 2010 hukumar UNESCO ta sa farauta da shaho cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, da sunan ƙasashe 11, daga Maroko zuwa Koriya ta Kudu. A yau ana maƙala wa shaho na'urar bin sawu, ana kai shi asibitinsa na musamman a Abu Dabi, amma ba a samo abin da ya maye gurbin ɗan ƙyallen fatar nan ba.

Wanda a garinsu aka taɓa horar da shaho ko wani tsuntsu, ko ya ji daga bakin kakanni yadda ake yi, ya rubuto mana a ƙasa, ya kuma faɗi wanda ya ba shi labarin. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.