Dutsen da Ba Ya Son Gaggawa

A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya fitar a 1812, fulorayit yana mataki na 4 cikin 10. Wuƙa tana karce shi, kuma yana tsagewa ta fuskoki huɗu. Wannan rauni shi ya tsara tarihin sarrafa shi.

A ƙarni na 18 aka riƙa haƙo wani nau'insa mai ratsin shuɗi da rawaya, Blue John, kusa da ƙauyen Castleton a Ingila. Matthew Boulton na Birmingham ya ƙera tulunan ado da shi ga masu hannu da shuni. Sai dai dutsen yakan farfashe yayin sassaƙa. Dabarar masu sana'ar ita ce su bar shi ya bushe, su ɗumama shi, su shayar da shi ƙaron itace ya cike tsagoginsa.

Masu goge shi don nishaɗi a yau, suna fitar da ƙwayar zobe mai sumul da tudun baya, sun gaji dabarar. Gam ɗin zamani ya maye gurbin ƙaro, amma ruwa da sassaucin hannu suna nan. Ɗan kaɗan ake haƙowa yanzu a kogon Treak Cliff, don haka duk gutsuren da gaggawa ta fasa, da wuya a maye shi.