Ruwan Kainji da Kwamfutar Samaru

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwamfuta na wani sashen kimiyya a jami'o'inmu ya san tambayar da ake fara yi tun daga bakin ƙofa: akwai wuta? Tambayar ta girmi ɗaliban da ke yin ta a yau, kuma tarihinta ya ratsa ta ƙasar Yawuri.

A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A Arewa kuwa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ta riga kowa, kuma a hannun masana lissafi abin ya soma. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Ingila, ya shugabanci sashen lissafi kafin ya riƙe jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Sunansa aka raɗa wa cibiyar kwamfuta ta Samaru.

Kwamfutar wancan zamani takan cika ɗaki guda, kuma ɗalibi ba ya taɓa ta. Yakan rubuta umarninsa a harshen FORTRAN, a huda shi a kan katuna masu gurbi 80, kowane layi da katinsa, sannan ya miƙa damin ga ma'aikacin da ke sarrafa na'urar. Sai ya tafi ya dawo, wani lokaci har washegari. In waƙafi ɗaya ya kuskure, aikin ya dawo ɗanye. Ma'aikacin nan, wanda da wuya ka ga sunansa a kundin digirin kowa, shi ne ainihin mai ɗakin: shi ya san zafin da na'urar ke jurewa, shi ke jin ƙarar da ke nuna ta kusa tsayawa.

Irin wannan na'ura ba ta rayuwa sai da sanyi da wutar da ba ta rawa. A shekarun nan ƙashin bayan lantarkin ƙasar shi ne madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964, aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Da ruwa ya taru, tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran Gungawa da fadamunsu na albasa suka bi ta. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga gaɓar Kwara, da yawansu talakawan Sarkin Yawuri ne. A ganina duk tarihin kimiyyar Arewa da ya tsallake wannan hijira bai cika ba, domin da gonakinsu aka biya wani ɓangare na kuɗin wutar.

Bayan 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran manyan na'urori suka gagari jami'o'i. Ƙananan kwamfutoci na kan tebur suka maye gurbinsu, kowane sashe ya so ɗakinsa. Daga baya gidauniyoyin MacArthur da Carnegie suka tallafa wa Samaru, asusun TETFund kuma ya shiga gina ɗakuna a faɗin ƙasa. Sai dai sayen kwamfuta hamsin ya fi sauƙin shiga kasafi a kan man janareta da albashin mai gyara, don ita ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto.

Jihar Kebbi ta samu jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka jikan Bagungen da aka tayar, ko yana Ngaski ko Shanga, sai ya zauna gaban allo kafin ya ga ƙofar jami'a. Babban layin da ya tashi daga Kainji yana ratsa jiharsa zuwa Birnin Kebbi, daga can wani reshe ya wuce da wutar har Yamai.