Dangin da Ba na Jini Ba: Zumuncin Kiristoci Ma'aikata a Bompai, Sharaɗa da Challawa

Masu ba da tarihin masana'antun Kano sukan fara da masu jari: Kwarori, Indiyawa, da attajiran gida irin su Alhaji Nababa Badamasi mai masaƙar Gaskiya. Daga nan sai su bi unguwannin, Bompai da ta riga kowa, sannan Sharaɗa da Challawa inda majemu suka taru. Ma'aikaci kuwa ba kasafai ake tuna shi ba sai ranar yajin aiki. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike cikin leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya rage wannan giɓi da littafinsa na 1986, inda ya nuna yadda almajirci da ɗarika da alaƙar malami da ɗalibi suka riƙe ma'aikaci Musulmi a birni. Amma a gefen wannan ma'aikaci, a kan inji guda, akwai wani da ya taso daga Kudancin Kaduna, ko Filato, ko Binuwai, ko Adamawa, ko kudancin ƙasar, ya baro danginsa can nesa. Ra'ayina shi ne, majami'a ce ta zame wa wannan mutum dangi, kuma ta ɗauki nauyin da ya kamata kamfani da hukuma su ɗauka, har nauyin ya kusa fin ƙarfinta.

Dalilin da ya sa aka bar mata kayan ba ɓoyayye ba ne. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, a nazarinsu na 1998 kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, sun kwatanta Kaduna da Kano. A Kaduna masaƙun manya ne, ƙungiya kuma tana da bakin magana. A Kano akasarinsu mallakar ɗaiɗaikun 'yan kasuwa ne, ɗaukar aiki ya fi bin hanyar sanayya da ubangida, ƙungiya kuma ta sha wuya kafin ta sami gindin zama. Inda aiki ya dogara da wa ka sani, wanda ba shi da kowa a gari shi ne na farko da za a sallama, shi ne kuma na ƙarshe da za a ji kukansa.

Saurayi ya sauka a tasha da jakarsa, ranar Lahadi ya nemi majami'ar da ake sujada da harshen da ya saba, ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko Katolika, ko Angilika. Kafin a tashi za a ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu da garinsu. Wannan 'yar al'ada ita ce ƙofar komai. A bakin fita wani dattijon ekklesiya zai tsayar da shi: “Ɗana, ina ka sauka?” Idan aikin Bompai yake nema, za a sama masa shimfiɗa a Gwagwarwa ko Tudun Wada ko Dakata, idan Challawa ce ko Sharaɗa, sai wajen Panshekara ko Ja'en. Wani ɗan'uwa da ya daɗe a majema zai kai shi gun mai ɗaukar ma'aikata ya tsaya masa. Daga ranar yana da baba, yana da mama, yana da inda zai ci tuwon dare kafin albashin farko ya fito.

Aikin da ya fi nauyi kuwa mata ne ke yinsa, kuma ba a cika yaba musu ba. Zumuntar Mata ita ce ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, domin su ne masu shiga har ƙuryar ɗaki. Su ke zaman jinya a asibiti, su ke wankan jego ga yarinyar da uwarta ke Zonkwa ko Michika, su ke haɗa adashe, su ke auna mudun masara su kai wa gwauruwa da magariba don kada maƙwabta su gani. Komitin maza yakan zauna ya yanke shawara ya rubuta a littafi, amma kafin a rubuta, mata sun riga sun je sun dawo. Idan aka yi rasuwa, wata hidima ce babba: yawancin iyalai suna so a kai gawa gida, Pankshin ko Gboko ko Kafanchan, kuɗin akwati da mota kuwa sun fi ƙarfin albashin lebura. Baiko na musamman da gudummawar 'yan gari su ke kai mamaci kabarin kakanninsa.

Duk wannan ya tafi daidai muddin masifa tana zuwa wa mutum ɗaya ne a lokaci guda. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A nan raunin tsarin ya bayyana. Majami'ar da rabin mazanta ke aiki a layin kamfanoni guda, ranar da aka rufe ƙofar kamfani, masu bayarwa da masu karɓa sun zama abu ɗaya. Rijiya ce da kowa ke zuba wa guga alhali idonta ya ƙafe. Duk da haka an yi abin da za a iya: an haɗa wa wani kuɗin babur ya shiga acaɓa, an sama wa wani gadi, an raba yaran wani a gidaje uku don kada karatunsu ya tsaya, an biya wa da yawa kuɗin motar komawa gona.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ranakun 11 da 12 ga Mayu, 2004, lokacin da aka yi ramuwar kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam. Rahoton Human Rights Watch na 2005 ya ce an kashe fiye da mutum 200 a Kano, kuma Sharaɗa na cikin wuraren da abin ya fi muni, domin Kiristocin da ke zaune kusa da wurin aiki sun yi nisa da Sabon Gari. Jama'a sun fake a barikokin soja da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, daga baya ɗakunan Sabon Gari suka ɗauki iyalai biyu har uku. Wajibi ne a faɗi wata gaskiya a nan: da yawa daga waɗanda suka tsira, maƙwabta da abokan aiki Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu, wasu har da kasadar ransu. Duk wanda ya ba da labarin zumuncin Kirista a waɗannan unguwanni ya tsallake wannan, ya rage tarihi.

Akwai abu biyu da nake ganin bai kamata ƙauna ta hana mu faɗa ba. Zumuncin nan ya fi bin layin ƙabila da ɗarikar majami'a. Wanda 'yan garinsu ke da yawa yana da rumfa; Bahaushe Kirista daga karkarar Sumaila ko Tudun Wadar Dankadai, ko yarinya mai aikin wucin gadi da ba ta cikin kowace ƙungiya, sukan faɗa tsakani. Ba sabon ciwo ba ne. Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin gunagunin da ya tashi a Urushalima saboda ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, kuma ba wa'azi aka yi musu ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Haka nan da talauci ya kama masu bi a Yahudiya, Bulus daga Koranti ya tattaro taimako, wato daga inda masifar ba ta kai ba. Majami'un Sabon Gari masu 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suna da abin dubawa a nan game da ƙananan majami'un bakin masana'antu.

Na biyun ya fi damuna. Idan inji ya cinye yatsun ma'aikaci, ko sinadarin jima ya lalata masa fata, ekklesiya takan yi baiko ta biya asibiti, kowa ya yi godiya, magana ta mutu. Alhali dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kuɗi a asusun NSITF saboda irin wannan rana, dokar fansho ta 2014 kuma ta wajabta masa ajiye kason ma'aikaci. Duk nairar da Zumuntar Mata ta fitar a madadin wannan haƙƙi, daga bakin wata gwauruwa aka cire ta. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun ƙara matse masu bayarwar. Ekklesiyoyin Kano suna da lauyoyi da akantoci da tsofaffin shugabannin ƙungiyar ƙwadago a kan kujerunsu kowace Lahadi. Dattijon da ya raka yaro ƙofar kamfani ranar neman aiki, shi ya dace ya ɗauki ɗaya daga cikinsu su koma ƙofar ranar neman diyya, kuma su nema wa Musulmin da inji ɗaya ya ji wa rauni tare da shi.