Agogon cikin na'ura: yadda salula da kwamfuta ke ƙidayar lokaci

Agogon na'ura shi ne lissafin lokaci da babbar manhajar kwamfuta ko salula ke riƙe da shi, wato irin su Windows, Linux da Android. Da shi ake buga wa kowane saƙo rana da awar da aka aika shi, da shi ƙararrawar tashin asuba ke bugawa, da shi kuma na'ura ke tantance ko shafin intanet da ta shiga amintacce ne. Na'ura ba ta san lokaci da kanta ba. Ƙidaya kawai take yi, in ƙidayar ta ɓace mata sai ta tambayi wani.

Agogo biyu a cikin na'ura ɗaya

Na farko ɗan guntu ne a jikin allon kwamfuta. A cikinsa akwai ƙwayar dutsen kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Ba a banza aka zaɓi adadin ba: in aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya ke saura, wato sakan guda. Wannan agogo yana da batirinsa na kansa mai suna CR2032, girmansa kamar tsabar dala ɗaya, shi ya sa ba ya tsayawa ko an kashe kwamfuta. Na biyu yana cikin babbar manhaja. Idan aka kunna na'ura, manhajar tana duba agogon farko, ta ɗauki lokacin, daga nan ta ci gaba da ƙidaya da kanta.

Batirin nan yana mutuwa bayan ƴan shekaru, kuma kwamfutocin hannu da ake aiki da su a shagunan buga takardu da ofisoshi sukan iso da tsohon batir. Alamar a bayyane take: duk sanda wuta ta ɗauke aka sake kunnawa, sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Daga nan shafukan intanet su ƙi buɗewa, domin kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar kuwa tana ganin ranar farawar ba ta zo ba tukuna. A salula ma WhatsApp yakan ƙi aiki har sai an gyara kwanan wata. Sau da yawa abin da ake ɗauka babbar lalacewa ce, canjin batir ɗaya ke maganinta.

Zafi ma yana da nasa rabo. An yanka ƙwayar kwaz ɗin don ta yi daidai a wajajen digiri 25 na ma'aunin zafi. A digiri 45, abin da ba baƙo ba ne cikin ɗakin kwano a Damergu a watan Afrilu da Mayu, agogon na iya yin baya da kimanin sakan ɗaya a rana, wato rabin minti ko fiye a wata.

Lamba ɗaya, awoyi daban-daban

A Linux da Android ba a ajiye lokaci da sunan rana ko wata. Lamba ɗaya ce: yawan sakan da suka shige tun tsakar daren 1 ga Janairun 1970 bisa agogon duniya, UTC. Lambar ta haye biliyan 1 da miliyan 700 a watan Nuwamban 2023. Windows kuwa daga 1 ga Janairun 1601 yake fara tasa ƙidayar. Sai an zo nuna wa mutum lokaci ne ake mai da lambar awa da minti, a ƙara ratar ƙasar da yake ciki.

Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, daidai da Najeriya, Chadi da Aljeriya. A kundin yankunan lokaci da yawancin na'urori ke amfani da shi, sunan Yamai ma jingine yake da na Legas, tunda awarsu ɗaya. Libiya tana gaban Nijar da awa ɗaya, Mali da Burkina Faso suna baya da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu. Faransa takan yi daidai da Nijar a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da awa ɗaya. Saboda haka wanda ya dawo daga Sabha da salularsa a kan yankin Libiya, ya gyara awar da hannu ba tare da canza yankin ba, fuskar salular za ta nuna daidai, amma lambar ciki ta kauce da awa guda, saƙonninsa su riƙa fita da lokacin da ba nasu ba. Yankin ya kamata a canza.

Awar hukuma daban, ta rana daban. Tanut tana gabas da Yamai da kusan digiri 7, kowane digiri kuma minti 4 ne a tafiyar rana, don haka rana na faɗuwa a Tanut kusan rabin awa kafin ta faɗi a Yamai, alhali agogon garuruwan biyu abu ɗaya yake nunawa. Belbeji, da ke yamma da Tanut, tana bayanta da ƴan mintoci. Manhajar lokutan salla da aka bari a kan Yamai za ta jinkirta wa mai azumi a Tanut buɗa-baki, ta kuma nuna masa da sauran lokacin sahur bayan alfijir ya riga ya keto. A nan agogon bai yi laifi ba, gari ne ba a gaya wa manhajar ba.

Inda ake tambayo lokaci

Salula tana karɓar lokaci daga rezon kamfanin waya in an bar ta a kan saiti na kai-tsaye. Kwamfuta kuwa ta intanet take tambaya, bisa tsarin NTP da David Mills na jami'ar Delaware a Amurka ya fitar a 1985. Tushen duka agogunan atam ne, waɗanda tun 1967 aka ɗora ma'anar sakan a kansu, kuma wata hukuma a garin Sèvres kusa da Paris ke haɗa alƙalumansu ta fitar da UTC. In kuskuren na'ura ƙanƙane ne, ana ɗan ƙara ko rage saurin agogonta har ya daidaita. In babba ne, tsalle ɗaya ake yi.

Wannan tsalle shi ne tarkon masu rubuta manhaja. A ɗauki misalin shagon intanet da ke cajin kuɗi bisa mintoci. Kwamfutar tana baya da minti 20, abokin ciniki ya zauna, sai rezo ya dawo agogo ya yi tsalle gaba. Manhajar da ke cire awar shiga daga awar fita za ta caje shi minti 20 da bai yi ba. Inda baya agogon ya koma, mai shago ne zai yi asara. Saboda haka babbar manhaja ke tanadar wani ma'auni na dabam da ba ya komawa baya kuma ba ya tsalle, sunansa a Linux CLOCK_MONOTONIC. Bai san rana ko wata ba, tazara kawai yake aunawa, kuma da shi ake lissafin tsawon kira, jira da caji.

Akwai kuma sakan na ƙari da ake cusawa don agogon atam ya jira juyawar duniya. An yi haka sau 27 tun 1972, na ƙarshe a daren 31 ga Disamban 2016, lokacin da ƙarfe ɗaya saura na dare a Nijar ya samu minti mai sakan 61. Na watan Yunin 2012 ya rikita na'urori da dama masu aiki da Linux, kuma a 2022 ƙasashe suka amince a daina wannan ƙari nan da 2035.

Matsalar 2038

Tsofaffin na'urori suna ajiye lambar sakan a gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 2,147,483,647. Gurbin zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 da sakan 7 na asuba agogon Nijar, sakan na gaba kuma na'urar ta ga kanta a 13 ga Disamban 1901. Sababbin salula da kwamfutoci sun koma gurbi mai faɗi da zai kai biliyoyin shekaru. Damuwar tana kan ƙananan na'urorin da ake kafawa a manta da su, irin na rarraba intanet, mitoci da wasu kayan asibiti, musamman a wuraren da kayan hannu ke daɗewa ana aiki da su.