Daga Ɗigon Braille Zuwa Muryar Kwamfuta: Tarihin Karatun Waɗanda Suka Makance da Girma

An saba ba da tarihin karatun makafi ta fuskar yara, wato waɗanda aka haifa ba sa gani ko suka makance tun suna ƙanana, alhali kuwa mafi yawan masu fama da makanta a duniya mutane ne da suka haura shekara 50, waɗanda yanar ido, ko hawan jinin ido, ko ciwon suga ya raba su da gani bayan sun daɗe da sabawa da alƙalami da takarda. Bukatar waɗannan mutane dabam take da ta yara, domin yaro yana koyon karatu ne karo na farko, shi kuwa dattijo hanya yake nema ta komawa ga abin da ya riga ya mallaka, kuma wannan bambanci ya yi tasiri a kan kayan karatun da aka yi ta ƙirƙirowa cikin shekaru fiye da 200.

Ilimin makafi na zamani ya faro ne a birnin Paris na Faransa, inda Valentin Haüy ya buɗe makarantar yara makafi a tsakiyar shekarun 1780, yana koyar da su da manyan haruffan boko da aka buga a tashe domin yatsa ya taɓa. A wannan makaranta ne Louis Braille, wanda aka haifa a 1809 kuma ya ji rauni a ido da basilla a shagon dukancin mahaifinsa yana ɗan shekara 3, ya ci karo da tsarin rubutun ɗigo na Charles Barbier mai gida na ɗigo 12, ya rage shi zuwa gida mai ɗigo 6 wanda kan yatsa ɗaya zai iya rufewa, wanda kuma ake iya fitar da alamomi 63 daga cikinsa. Ya wallafa tsarin a 1829, amma makarantarsa ba ta karɓe shi a hukumance ba sai 1854, shekara 2 bayan rasuwarsa. Rubutun Braille ya ba makaho damar karatu da rubutu da kansa, sai dai yana bukatar yatsa mai saurin ji da horo mai tsawo, abubuwan da kan yi wa mai shekaru wuya, musamman wanda aikin ƙarfi ya sa wa hannu kanta ko ciwon suga ya dakushe masa jijiyoyin yatsu.

Wanda ya yi fice wajen tunkarar wannan matsala shi ne William Moon na Ingila, wanda shi ma ya makance yana saurayi, ya kuma fito da nasa rubutun a 1845, inda ya sauƙaƙa siffar haruffan boko zuwa layuka da lanƙwasa masu kauri, ta yadda wanda ya taɓa karatu da ido zai gane su da yatsa ba tare da ya haddace sabon tsari ba. Littattafan Moon manya ne kuma rubuta su da hannu yana da wuya, shi ya sa ba su kai na Braille yaɗuwa ba, amma sun daɗe suna amfanar tsofaffi. A Amurka kuwa, William Hadley, malamin sakandare da ya makance yana da shekara 55, ya koya wa kansa Braille, sannan a 1920 ya kafa makarantar koyarwa ta hanyar wasiƙa a garin Winnetka na jihar Illinois, domin manya su yi karatu daga gidajensu. Rayuwarsa ta gaskata karin maganar nan da ke cewa gemu ba ya hana ilimi.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da aka juya daga yatsa zuwa kunne. Thomas Edison, wanda ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877, ya ambaci littattafai masu magana domin makafi cikin amfanin da ya hango mata, amma hakan bai tabbata ba sai a shekarun 1930, sa'ad da aka samu faifan garmaho mai ɗaukar dogon karatu. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fara raba irin waɗannan faya-fayi a 1934, Birtaniya ta biyo baya a 1935, kuma cikin waɗanda aka fi yi dominsu akwai sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato manya waɗanda da yawansu ba su iya Braille ba. Daga faifai aka koma kaset, amma duk da haka mai sauraro ba ya samun komai sai abin da wani ya zaɓa ya naɗa masa.

Kwamfuta ce ta warware wannan ƙulli. A 1976 Ray Kurzweil ya gabatar da na'urar da ke ɗaukar hoton shafin da aka buga, ta gane haruffansa, ta furta su da muryar inji, ko da yake girmanta da tsadarta sun taƙaita ta ga ɗakunan karatu da cibiyoyi. Bayanta aka samu manhajar karanta allo, wato manhajar da ke faɗa wa mai amfani duk abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta, yana yi mata umarni da madannai maimakon linzamin da masu gani ke nuni da shi. Kamfanin IBM ya samar da tasa a 1986 ta hannun Jim Thatcher, sannan kamfanin Ted Henter, wanda ya makance a haɗarin mota a 1978, ya fitar da JAWS a 1989, da kuma samfurinta na Windows a 1995. Tsadar JAWS ta hana mutane da dama samunta, har sai da Michael Curran na Ostareliya ya fara NVDA a 2006, James Teh ya haɗu da shi, suka sake ta kyauta. A 2009 kuma VoiceOver ta shiga wayar iPhone, TalkBack ta shiga wayoyin Android.

Samun manhaja, duk da haka, rabin aikin ne, domin dattijon da ya zauna gaban kwamfuta dole ya koyi buga rubutu ba tare da kallo ba, yana dogara da 'yan tudun da ke kan madannan F da J wajen ajiye yatsunsa, ya haddace haɗin madannai, ya saba da muryar inji wadda masu koyarwa kan rage wa gudu da farko, sannan ya gina taswirar allon a zuciyarsa, tunda murya tana kawo abu ɗaya bayan ɗaya ne, ba kamar ido da ke ɗauke shafi gaba ɗaya ba. Sau da yawa raunin ji da na ƙwaƙwalwa kan haɗu da na ido, kuma baƙin cikin rashin gani kan riga darasi shiga aji, abin da ya sa wasu cibiyoyin horo suke fifita malamai makafi, waɗanda ganin aikinsu kaɗai, ko a ce jinsa, yake kwantar wa ɗalibi hankali.

A Nijeriya ma tarihin ya bi wannan sawu, domin makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka kafa a 1953 a jihar Filato ta yanzu, domin yara aka gina ta, su kuwa manyan da suka makance a ƙasar Hausa sun ci gaba da dogara da ɗan jagora a hanya, da rediyo wajen labarai, da kuma ɗa ko jika wajen karanta wasiƙa. Wannan dogaro na ƙarshe shi ne ya fi ciwo, tunda wanda ake karanta wa takardar asibiti ko saƙon banki ba shi da sirri. Abin da Moon da Hadley suka nema, kuma waya mai magana ta kawo kusa, shi ne dattijo ya karanta saƙonsa da kansa, ya ba da amsa da hannunsa, ba tare da ya jira yaro ya dawo daga makaranta ba.